Kicin ɗin Bahaguwa

Shekarar da maigidana Halfan ya yi ritaya daga aikin mai, zaman gida ya gagare shi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a rijiyoyin sahara, sai ga shi yana bi na kicin yana tambayar dalilin da ya sa nake ajiye gishiri kusa da sukari. Da sanyi ya fara shigowa garinmu Ibri, wata Asabar ya fita tun da safe, bai dawo ba sai la'asar, yana jaye da karafan a bayan motarsa. Ɗaki ne guda a kan tayoyi, fari, rana ta ɗan ci fentinsa, da gado da ɗan kicin a ciki.

"Ummu Muhanna, fito ki ga gidanki na biyu!"

"Na farkon ma wa ya taya ni share shi?"

Ni dai ban taɓa son fita kwana a rairayi ba. Duk shekara maza na kishingiɗe a tabarma suna yabon iska, ni ina durƙushe gaban murhu. Aikin gida ne dai aka ƙara masa yashi. Kafin a tafi sai an kwashe rabin kicin ɗina, a dawo wata tukunyar babu murfi, ludayin kirki ya bi wata motar. Na ce masa in yana so ƙafata ta taka wannan abin, to a yi masa kayansa na kansa, ko cokali ba zai fita daga gidana ba.

"An gama," in ji shi. "Ai ma da kayansa ya zo. Dattijon da ya sayar mini a Buraimi ya ce in tafi da komai, matarsa ba ta da bukatarsu yanzu. Allah ya jiƙanta."

"Rasuwa ta yi?"

"To me kike so ya ce? Idonsa ya kawo ruwa, ya juya mini baya. Na yi masa ta'aziyya na taho."

Washegari na ɗauki kwalaye na shiga, da niyyar in kwashe komai in wanke wurin, in je kasuwa in sayo nawa. Kabad ɗin farko da na buɗe, sai na tsaya. Finjalan gahawa ne a jere, kowanne an sa shi cikin safar yara don kada su bugi juna a hanya. An gitta siririn katako a bakin kowace kanta. Tukwane uku, ƙarama cikin babba, an ɗaure murafensu da robar da aka yanka daga tsohon tif na mota. Shinkafa da gari da sukari duk a gwangwanaye masu murfin murɗawa, babu buhu ko ɗaya, babu kwalba sai guda. Ashana tana cikin gwangwanin madara, kaskon gurasa yana tsaye a wani lungu da aka yi daidai faɗinsa. Babu abin da aka ajiye don ado.

Da na miƙa hannu zan ɗauki wuƙa, sai na taɓa bango. Wuƙar tana ɗaya gefen. Ludayi, rariya, tsumman hannu, duk a hagun murhu suke rataye, kuma ƙusoshin ƙasa-ƙasa, sai na ɗan sunkuya. Na zauna a bakin gadon ina kallon wurin. Ban san sunanta ba, amma na san gajeriya ce, bahaguwa, kuma ba ta son hayaniyar kwanuka.

Kwalbar nan guda, bizar ce a ciki, garin kayan ƙamshin da kowace mace ke haɗa nata. Ta wuce rabi. Na buɗe na shinshina. Busasshen lemun tsami ya yi yawa, barkono kaɗan, ga wani abu a ƙasa-ƙasa da na kasa ganewa. Na rufe. Ba zan iya zubarwa ba, kuma ba zan iya girki da hannun mamaciyar da ban sani ba.

Da rana na ce wa Halfan, "Matar nan tana da 'ya'ya mata ko surukai. Wata rana ɗaya za ta nemi tukunyar uwarta, a ce mata tana Ibri wurin baƙi. Mu mayar musu."

"Abin da na saya?"

"Ɗaki ka saya, Abu Muhanna."

Ya yi gunaguninsa, amma ranar Alhamis ya loda kwalayen a mota. Muka tsaya muka sayi alewar halwa ta tsaraba, muka kama hanyar Buraimi, ina ta jera kalmomin ta'aziyya a raina.

Dattijon, Abu Saif, ya tarbi Halfan ya wuce da shi falon maza. Ni kuma wata matashiya, matar ɗansa, ta shigar da ni ciki. Na buɗe baki zan ce Allah ya ba ku haƙuri ke nan, sai ta ce, "Bismillah, Mama tana nan ɗakin."

Wata 'yar ƙaramar tsohuwa ce zaune a keken marasa lafiya kusa da taga, an rufa mata bargo a cinya. Hannunta na hagu yana kwance a kan bargon, yatsun a lanƙwashe. Gefen bakinta ya ɗan karkace, amma idanunta a tsaye suke. Muka gaisa, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya kamar ta san su, maganarta na fita a hankali. Sunanta Jauha, ana kiranta Ummu Saif. Sai ta ga kwalayen da ake shigowa da su.

"Ke ce kuka sayi ɗakina?"

"Mu ne."

"To me ya dawo da waɗannan? Ba su yi miki ba?"

Na duba ƙasa, na duba surukar, ƙarshe na faɗi gaskiya. Sai kafaɗar Ummu Saif ta dama ta fara rawa. Dariya take yi. Ta ɗaga murya iya ƙarfinta.

"Abu Saif! Zo nan! Ashe kashe ni ka yi a wurin ciniki?"

Dattijon ya zo bakin ƙofa, Halfan na raɓe a bayansa. Sai da surukar ta maimaita masa a kunne kafin ya gane. Kunnensa ya yi nauyi tun tuni.

"Ni na ɗauka addu'ar samun sauƙi yake yi miki," in ji shi. "Na ce amin."

"Ka ce amin!"

"Baffa, ka yafe ni," in ji Halfan, bai san inda zai sa fuskarsa ba. "Ummu Saif, Allah ya ƙara miki nisan kwana."

"Amin. Wannan karon da kunnena na ji. Ku koma ku sha gahawarku."

Da suka tafi ta sa aka jawo kwalayen gabanta. Na riƙa fito da kayan ɗaya-ɗaya, tana karɓa da hannun dama tana juyawa. Safar da ke jikin finjalan ta ɗanta Saif ce, ta ce, wanda yanzu furfura ta fara fito masa. Ƙaramar tukunyar a Salala ta saye ta, wata shekara da hazo ya rufe su a kan dutse. Ta ce bara ne ciwon shanyewar ɓarin jikin ya same ta, tana tsaye tana wanke shinkafa, kuma ita da kanta ta ce a sayar da karafan ɗin. A tsakar gida yake, daidai wannan tagar, kullum ta buɗe ido shi take gani.

"Shi kuma tsohon ya kasa buɗe kabad ɗin. Ya ce mini yara sun kwashe. Na san ƙarya yake, na bar shi."

Surukar ta fita ɗauko 'ya'yan itace. Ummu Saif ta bi ta da kallo, sannan ta rage murya.

"Yarinyar kirki ce, ba ta rage ni da komai ba. Amma ki duba. Da aka kawo ni gidan nan, kicin na uwar mijina ne, inda ta ajiye ludayi nan ludayi yake kwana. Bahaguwa ce ni, kullum ina karo da kaya, tana cewa ban iya aiki ba. Da ta rasu, 'yan mata sun taso, kowace da hannunta a ciki. Suna tafiya surukai suka zo. Wancan ɗan akurkin kaɗai ne na taɓa cewa a buga ƙusa nan, aka buga nan."

Na ce mata ni ban taɓa jin daɗin fita ba, girki ne dai a wani wurin.

"Da yara da 'yan'uwa, haka ne. Ku biyu kika taɓa gwadawa?"

"A'a."

"Gwada. Wannan da kike gani, a gida ko ruwa ba ya ɗebo wa kansa. Can kuwa da babu mai ganinsa, shi ke yanka albasa, yana hawaye yana ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba a cikin gidan nan. Kicin ɗin ƙarami ne, 'yata. In mutum biyu suka shiga, dole ɗaya ya yi magana."

Ta ƙi karɓar kayan. Ta ce a nan sai dai su shiga sito ƙura ta ci su. Kwalbar bizar kaɗai ta riƙe a cinyarta, ta ce wannan ba a gadonta, kowa ta haɗa tata. Na tambaye ta abin da na kasa ganewa a ciki, ta ce, "Ki zo wata rana, in na ga kin cancanta." Sai ta hau ba ni umarni. In cire ƙusoshin in mayar dama, in ɗaga su daidai tsawona. Kada in sayi babbar tukunya, in baƙi suka zo a dafa sau biyu. Kada in bar dabino a ciki in zafi ya shigo. Abu mai nauyi ƙasa, mai sauƙi sama. Ruwan sha dabam, na wanke-wanke dabam. In duba bututun gas da kumfar sabulu kafin kowace tafiya, kada in yarda da namijin da ya ce ya duba.

Muka dawo da kwalayen kamar yadda muka kai su. Makon da ya biyo, Halfan ya cire ƙusoshi ya buga inda na nuna, ba musu. Na riƙe tukwanenta da kaskon gurasa da finjalan. Wuƙarta ba ta zauna mini a hannu ba, an wasa ta ta ɗaya gefen, na sayi tawa. Na ƙara butar shayi, da faranti biyu masu zurfi, da tire ɗaya saboda baƙi. Na cika gwangwanayen da shinkafa da gari da wake, na sa busasshen kifi da man shanu da gahawar da na soya da kaina. Na daka bizar tawa mai barkono. A kasuwa na riƙa ɗaukar abu ina mayarwa, ina tambayar kaina ko da gaske zan yi amfani da shi, abin da ban taɓa yi ba a sayayyar gida. Da na gama, kabad ɗaya ya rage babu komai, na bar shi haka.

Halfan ya so mu fara da bakin teku. Na ce mu fara da rairayin da ke bayan Buraimi. Ya dube ni, bai tambayi dalili ba.

Saif ne ya kawo iyayensa da hantsi. Matakalar karafan ɗin ta fi ƙarfin keken, kuma Ummu Saif ta ce ba ta son a ɗauke ta kamar buhu, don haka aka ajiye ta a inuwa daidai ƙofa, inda take hango murhu. Ta leƙa ta ga ƙusoshin a dama, ta gyaɗa kai. Amma a kan shinkafata ta ce abubuwa da yawa. Ruwa ya yi yawa. Wutar ta yi ƙarfi. Da aka zuba ta ɗanɗana, ta ce, "Mutanen Ibri, me barkono ya yi muku?" Ta cinye abin da aka sa mata, ta nemi ƙari.

Bayan la'asar, da rana ta yi sanyi, ta ce a sauke ta ƙasa. Saif ya ce, "Mama, tashin zai yi miki wuya."

"Kai za ka tashe ni, kai zai yi wa wuya. Sauke ni."

Shi da ubansa suka kama ta suka zaunar a kan yashi, aka jingina ta da matashi. Ta sa na cire mata takalma. Ta tura ƙafar dama cikin yashin har idon sawu, ta lumshe ido. Can ta ce in ɗebo na ƙasa, mai sanyin, in zuba mata a ta hagun. Na tona da hannu na ɗebo, na riƙa zubawa a hankali har ƙafar ta rufe. Abu Saif ya bar hirar da yake yi da Halfan, ya zo ya tsuguna kusa da ita.

"Kina ji?" ya tambaya.

Ta buɗe ido ta dubi ƙafar.

"Ban sani ba. Kamar ina ji, kamar tunawa nake yi."

Bai ji abin da ta ce ba, kuma babu wanda ya maimaita masa. Ya zauna sosai a gefenta, ya ɗebo yashi da hannunsa ya ƙara a kan nawa. Muka bar su a nan, ni da Halfan muka shiga ciki ɗora gahawa, Saif kuma ya tafi juyo da mota kafin magariba.