Muryar da Ta Tashi Tafkin Marke

A ofishinmu ba a ba mutum takarda guda ya fassara. Yanka ta ake yi. Manaja Jamaluddeen zai shige ɗakinsa ya datsa aikin layi-layi, ya cakuɗa, sannan ya turo wa kowa nasa a kwamfuta. Kai ka samu tsakiya, wani ya samu wutsiya, kan kuwa sai Allah. Ya ce wai sirrin masu kawo aiki yake karewa. Ni dai abin da na sani, in ka tare ɗayanmu a hanya da yamma ka ce me kuka fassara yau, sai dai ya yi maka zuru.

Kamfanin fassara ne, a wani gidan haya bayan tasha a Gumel. Saƙonni muke juyawa daga Turanci zuwa Hausa da Fulatanci da Faransanci, na rigakafin dabbobi, na taki, na awon ciki, sai a ɗauki muryarmu a tura wa mutane ta waya. Ni ce mai Fulatanci. Sunana Asama'u, daga wata ruga nake a bakin Tafkin Marke, gaba da Ɗanzomo, kuma a duk rugagen wajen ba wanda bai san muryata ba. Bappa, ƙanen mahaifina da ya riƙe ni, in saƙo ya shigo wayarsa sai ya ƙure ƙara, ya ɗaga ta sama, ya tara mutane. Shekarar da na ce a kai shanu allura aka kai, ciwon huhu ya tsallake mu ya faɗa wa wasu. Tun daga nan duk abin da na faɗa a waya ya zauna. Ina jin daɗin wannan, ba zan ɓoye ba, shi ya sa nake haɗiye sauran.

Sauran kuwa da yawa. Da safe kowa zai jefa wayarsa a kwando a bakin ƙofa. Ba a hira. In ka leƙa kwamfutar na kusa da kai, kafin azahar labari ya isa ɗakin Manaja, har yau ban san ta bakin wa ba. Shi kuma ba ya faɗa, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Akwai firji a ɗakinsa. Ranar da ya fito da lemo mai sanyi ya ajiye a teburinka yana murmushi, ya ce sannu da ƙoƙari, to ka sha ka yi bankwana da kujerar, gobe wani za a gani a kai. Manya da gemu na gani suna zufa don an buɗe firji.

Ya'u ne kaɗai ba ya iya riƙe bakinsa. Ɗan Maigatari ne, shi ke yin Faransanci da saƙonnin da ake turawa tsallaken iyaka. A taron Litinin ya ɗaga hannu.

"Yallaɓai, ni fa wannan aikin na guntu-guntu ya fara ba ni tsoro. Muryata ce ke zuwa garinmu. A ƙalla a bar mutum ya ji saƙon duka kafin a tura."

Manaja ya gyaɗa kai a hankali, kamar an faɗi abin da ya daɗe yana so ya ji.

"Shawara mai kyau, Malam Ya'u. Akwai mai goyon baya?"

Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Fanka tana juyawa, kowa ya ga abin dubawa a farcensa. Kafin la'asar lemo ya sauka a teburin Ya'u. Ya ɗauka ya shanye tas, ya yi gyatsa, ya ce, "Bon, an gode." Da zai fita ya tsaya kusa da ni ya ce ƙasa-ƙasa, "'Yar Fulani, ki kula da bakinki, shi suke so ba ke ba."

Bayan tafiyarsa ofishin ya ƙara yin tsit. Aka kawo wani a kujerarsa, ba wanda ya tambayi sunansa.

Ana gab da damina aka fara turo min wasu layuka da ba su yi kama da na allura ko taki ba. Ɗakin ɗaukar murya tsohon sito ne, an manna katifu a bangonsa don kada ƙarar waje ta shigo, ba taga, warin soso kawai. In na shiga Manaja da kansa yake rufe ƙofa, ya zauna a waje da abin ji a kunne. Yau in karanta, "Dattawa sun zauna sun amince." Gobe, a tsakanin layukan awon ciki, in ci karo da, "An haƙa rijiyar burtsatse, ruwa ba ya yankewa." Wata rana kuma, "Kafin ruwan farko ya sauka." Sai jerin sunayen wurare, ya ce na gwajin na'ura ne: Sule Tankarkar, Gagarawa Tasha, Ɗanzomo, Tafkin Marke. Da na zo kan sunan tafkinmu harshena ya ɗan sarƙe.

Muryarsa ta shigo kunnena. "Sake, Malama Asama'u. Da fara'a. Kamar kina gaya wa 'yan gida."

Na sake, da fara'a. Da na fito na daure na ce, "Yallaɓai, waɗanne dattawa ne suka amince? Da me?"

Ya juya ya kalli firjin, ya dawo da idonsa kaina, ya yi murmushi. Na koma kujerata. Na yi ta lallashin kaina cewa dattawa ai kullum cikin amincewa suke da wani abu, rijiya kuma alheri ce. Amma abinci ya daina yi min daɗi.

Wata ranar Alhamis da yamma, ina ɗaukar wayata daga kwando na ga Ya'u ya yi ta kira. Yanzu a kasuwar shanu ta Maigatari yake, yana yi wa fatake tafinta. Na bari sai da na yi nisa da ofis sannan na kira shi. Hayaniyar kasuwar ta cika wayar.

"'Yar Fulani, kin ji kanki kuwa?"

"Me na ce?"

"Tsaya. Malam, don Allah ara min wayarka." Sai na ji ya kara wata waya a bakin tasa.

Ni ce. Muryata ce, da fara'a, ba inda za ka ji alamar ɗinki. Ina yi wa mutanen Tafkin Marke sallama, ina gaya musu dattawa sun zauna sun amince a tashi daga bakin tafki kafin ruwan farko ya sauka, a koma sabon wuri wajen Gagarawa Tasha, inda aka haƙa rijiyar burtsatse, ruwa ba ya yankewa. Na tsaya a gefen titi, masu babur suna ta yi min oda, ban iya matsawa ba.

"Tun yaushe ake tura wannan?"

"Ya kwana biyu. Na tambayi mutanen wajen da suka kawo shanu yau. Ba rijiya, Asama'u. Fili ne fetal, ko akuya ba za ta kwana ba. Kuma ba dattijon da ya zauna da kowa, kowace ruga tana zaton ta gaba ce ta amince. Wani mai gona ne yake son bakin tafkin, an ce har wayar shinge ya riga ya sayo."

Na kira Bappa, ba ta shiga. Dama wajenmu sai an hau tudu ake samun sabis. Na kira ɗansa, na kira maƙwabta, shiru.

Washegari ban jefa wayata a kwando ba. Kai tsaye na tura ƙofar Manaja, abin da ba a yi. Yana shan shayi.

"Yallaɓai, ka sa na yi wa iyayena ƙarya."

"Zauna, Malama Asama'u."

"Ba zan zauna ba. Ba rijiya a wurin. Za su kwashi shanu da yara su je su tarar da ƙasa."

Ya ajiye kofi. "Wane layi ne kika fassara ba daidai ba?"

"Ba maganar layi nake ba."

"To mu maganar layi muke. Mu masu fassara ne, ba alƙalai ba. An kawo aiki, mun juya, mun tura. Ko akwai rijiya ko babu, wannan tsakanin mai aiki da Ubangijinsa." Ya faɗa a sanyaye, kamar mai karanta farashin gero.

"A bar ni in ɗauki wani saƙon, in ce a tsaya."

"Wa ya kawo wannan aikin? Ke?" Ya yi 'yar dariya. "Ɗakin nan ba na gaisuwar 'yan uwa ba ne. Kuma ki tuna, duk wanda ya ji saƙon nan bai ji sunana ba, bai ji na kamfani ba. In ni ne ke, zan yi shiru in koma kujerata."

A nan tsoro ya kama ni sosai, don gaskiya ya faɗa. Na fito. Abokan aikina duk sun ji, bangon ba kauri, amma ba wanda ya ɗago kai. Sai ƙarar madannai, kowa yana juya guntun da aka ba shi. Na ji haushinsu, na kuma ji tausayinsu. Na wuce kwandon, na fita.

Mota na shiga zuwa Ɗanzomo, daga nan na hau babur. Hadari yana ta haɗuwa a gabas, baƙi ƙirin, iska ta tsaya cak. Tun kafin mu isa na fara ganin sawun shanu a kan hanya, masu yawa, duk sun fuskanci kudu. Mai babur ya ce, "Ai Fulanin nan sun dace, an ce gwamnati ce ma ta yi musu rijiya." Na ce ya ƙara wuta.

Rugar ba kowa. Da'irar bukkoki ce kawai a ƙasa, da toka a murhu, da turakun maruƙa da aka bari. A ɗaya gefen tafkin wata babbar mota tana tsaye, wasu mutane suna sauke sandunan kankare suna jerawa. Ba sa ko sauri.

Bappa na gani zaune a gindin marke, da sandarsa, da wata tsohuwar saniya mai ciwon ƙafa da ya tsaya jinya. Da ya gan ni ya miƙe, fuskarsa ta washe. Da Fulatanci ya tare ni, yana ta sa min albarka.

"Ɗiyata! Kin zo ki ga aikinki? Kin makara, sun yi gaba, ni ma gobe zan bi su in ƙafar wannan ta yarda. Kin san da farko Arɗo ya ƙi? Ya ce shi ba a zauna da shi ba, ba inda za shi. Na ce masa, Arɗo, wannan fa Asama'u ce. Yarinyar da ta ce a yi allura. A hannuna ta tashi, ba ta taɓa yi min ƙarya ba. Ruga-ruga na bi da wayar nan ina kunna musu. Har rantsuwa na yi a gaban mutane kafin suka ɗaure kaya."

Na durƙusa a gabansa. Da zan iya, da na bar shi da murnarsa ko na yini ɗaya ne. Amma akwai yara a hanya, da shanu masu ciki.

"Bappa, ba rijiya."

Bai gane ba, sai da na sake faɗa. Na gaya masa yadda ake yanka mana aiki, da ɗakin katifu, da sunayen da aka ce na gwaji ne. Na ce a samu mai babur yanzu ya bi su ya dawo da su. Ina magana yana kallon tsallaken tafki, inda aka riga aka kafa sandunan farko a daidai mashayar shanu.

"Amma ke kika faɗa," ya ce.

"Ni na faɗa, Bappa, amma ban san abin da nake faɗa ba."

Ya ciro wayar daga aljihu, ya juya ta a hannunsa, ya mayar. Ya sunkuya ya duba ƙafar saniyar, ya gyara tsumman da ya ɗaure mata. Iska ta taso, ɗigon ruwa na farko ya faɗo min a hannu.

Tun da aka haife ni Bappa bai taɓa yi min magana da Hausa ba. Hausa ta kasuwa ce a wurinsa, ta dillalai da ma'aikatan gwamnati. Da ya ɗago, da ita ya yi min magana, a tsanake, ba tare da ya kalle ni ba.

"Malama, hadari ya taso. Gara ki koma tun mai babur bai tafi ba."