Manyan Haruffa a Tebur Ashirin

Injiniya na tsugune a ƙarƙashin tebur tana jona waya sai ta ga takalman Baba Akawu sun tsaya a gabanta, baƙaƙen nan masu sheƙi kullum.

"'Yata, da gaske yau za ki wanke mana kwamfutoci?"

"Da gaske, Baba." Ta fito tana karkaɗe riga, ta nuna masa wadda ke kan teburinta. "Wannan ce uwa. Na zuba mata duk abin da ake buƙata, na gyara ta tsaf. Zan kwafe cikinta a faifai in juye wa sauran ashirin ɗin. Manaja ya ce tilas su zama iri ɗaya, kuma a kulle saiti, kada kowa ya taɓa."

Baba Akawu ya matso kusa da ita. Shekara talatin yana buga wasiƙun ofishin nan, ba a taɓa jin ya nemi alfarma ba. Ya waiga, ya rage murya.

"To, tawa dai na ƙara wa rubutunta girma. Idon ne ya soma gajiya. In kin mayar da shi ƙanana, ba zan gani ba. In kuma tawa ta fita daban, kin san Manaja, cewa zai yi in je gida in huta. Ni kuwa ban san me zan yi da hannuwana a gida ba."

Tausayinsa ya kama ta. Ranar da ta fara aiki, shi kaɗai ya tashi ya ba ta kujera.

"Je ka ci abinci, Baba," ta ce.

Da ya fita ta zauna ta zuba wa uwar ido. Can sai ta yi murmushi. Ta buɗe saiti, ta ƙara wa haruffa girma, ta ja baya taku uku ta karanta, ta ƙara kaɗan. Sannan ta kulle, ta kwafa. Ta bi tebur-tebur da faifanta tana 'yar waƙa, kafin a tashi aiki duk ashirin ɗin sun ɗauko kamannin uwarsu.

Washegari Manaja ya fito zagaye, hannu a baya. Sai kuwa ya tsaya daidai kan Baba Akawu, ya leƙa. Tsohon ya dakata da bugun da yake yi.

"Injiniya! Me ya sa rubutun nan ya yi ɓaro-ɓaro haka?"

"Haka uwar take, Yallaɓai. Duba na kowa, har naka."

Manaja ya leƙa tebur na gaba, da na gabansa. Ya zare tabarau, ya karanta layi guda ba tare da ya sunkuya ba.

"Ikon Allah," ya ce. "Ashe shekara da shekaru wahalar banza muke sha. A bar shi haka."

Baba Akawu bai ɗago kai ba. Amma har daga ɗakinta Injiniya tana jin ƙarar bugunsa, kakat-kakat, ba tsayawa.