Ƙofar Baba Kafinta

Da hukumar birni ta tashi gyaran unguwar, ba ta zo da wasa ba. Za a faɗaɗa titi, a haƙa kwata, a kafa fitilu, a ba masu zane bangon makaranta su ƙawata. Duk shagon da ya shigo hanya an shafa masa jan fenti, alamar katafila na tafe. Shagon Baba Kafinta na ciki, shagon da ya gada wurin mahaifinsa. A nan ya koyi riƙe zarto, a nan furfura ta same shi.

Sai dai tsarin ya bar kafa ɗaya: ginin da ke ɗauke da tsohon aikin hannu ba za a rushe shi ba, titi ne zai kauce masa.

Wata jami'a daga ofishin adana kayan tarihi tana zagayen unguwa, sai ta yi turus a gaban shagon. Kujerun da ya jera ko kallo ba su ishe ta ba. Ƙofar ta tsura wa ido, wata tsohuwar ƙofar katako mai sassaƙar ganye da igiya, ta yi baƙi ƙirin don tsufa, gara ta ci gindinta.

"Baba, wa ya yi wannan?"

"Mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Da gizago ya yi ta."

"To in Allah ya so ita za ta ceci shagon nan. Zan zo da kwamiti ranar Alhamis su gani da idonsu. Don Allah a bar ta yadda take."

Ya ce to. Amma tana ba da baya ya tsaya ya ƙare wa ƙofar kallo, kunya ta rufe shi. Shekara da shekaru yana shige da fice bai taɓa ganin muninta ba sai yau. Manyan mutane za su taso takanas, su tarar da ƙofar kafinta a tsage, tana kuka in an tura ta? Ai sai su ce wannan tsoho bai san aikinsa ba. A ganinsa, "a bar ta yadda take" kara ce irin ta yaran kirki, ba ta so ta ɗora wa tsoho wahala.

Ya cire ƙofar ya kwantar a kan teburin aiki. Maƙwabcinsa tela ya leƙo, awo rataye a wuya.

"Yaya, ba cewa aka yi kar a taɓa ba?"

"Kai in za ka tarbi baƙi, da yagaggiyar riga kake fita?"

"Ni dai kar garin gyaran gira a rasa ido."

"Koma kan kekenka. Katako ba yadi ba ne."

Gaskiya Baba bai taɓa zuba aiki irin wannan ba. Ya yanke gindin da gara ta ci ya sa sabon katako. Ya kankare baƙin nan tas, ya cike tsagogi, ya bi da samfefa har hannu na santsi. Inda sassaƙar ta lotse ya daidaita ta da sauran. Ya kawo fenti ruwan bula mai sheƙi ya shafa, ya bushe, ya ƙara. Da ya mayar da ita, tura ta kake da yatsa ɗaya, ko ƙis ba ta yi. Ransa ya yi fari ƙal.

Ranar Alhamis ya sa wankakkun kaya ya zauna a bakin shago. Jami'ar ta taho da mutum uku, tana gaba tana yi musu bayani. Suka zo suka wuce shi. Sai da suka kai shagon tela ta waiwayo, ta dawo a hankali.

"Baba, ina ƙofar?"

"Ga ta a gabanki, 'yata. Na ɗan kintsa ta ne saboda baƙi."

Ta shafa fentin. Babban cikinsu ya sunkuya ya duba sama da ƙasa, ya ce aiki ya yi kyau ƙwarai, amma su abin da doka ta ba su ikon karewa shi ne tsohon aiki, wannan kuwa sabo ne. Bai faɗa da wulaƙanci ba. Sun ma yi masa sannu kafin su wuce gida na gaba.

Jami'ar ta tsaya. Ta ciro wayarta ta nuna masa hoton da ta ɗauka ran da ta fara zuwa. Baba ya goge hannunsa a riga ya karɓa, ya ce ta ƙara girmansa. Ga kowane saran gizago a fili. Ga kuma wani lotso a gefen dama, daidai tafin hannu, inda mahaifinsa ke dafawa kullum in zai buɗe shago. Shi da kansa ya cike wurin, yana ganin aibi ne. Baƙin ciki ya kama shi, ba na shagon ba ma.

Ya miƙa mata wayar da hannu biyu.

"'Yata, in ba damuwa, a wanke mini wannan a takarda. Ni wayata ba ta nuna hoto."