Ƙahon da ke Ƙarƙashin Turken Raga

A bayan garin Azare, inda hanyar Katagum take fara miƙewa, akwai wani fili da yanzu ake noman gyaɗa a rabinsa. A ɗaya rabin kuwa turken raga ne guda ɗaya a tsaye, ba ɗan'uwansa, ba sandar sama. Awaki kan sosa jikinsu da shi. Malam Saleh Mai Toka ne ya kafa shi da hannunsa, kuma saboda turken nan shekara talatin da shida ke nan bai bi ta wannan hanya ba. In zai je kasuwa sai ya yi dogon zagaye.

A da filin na Kwalejin Tudun Kanya ne, Saleh kuma leburan fili. Shi ke yanke ciyawa, shi ke kwaso toka daga kicin ɗin makaranta ya zana layukan ƙwallo, daga nan sunan ya bi shi. Zamanin Gasar Bakwai ke nan. Kwalejoji bakwai ne na wannan yanki, daga Azare da Katagum har Yana da Zadawa da Dagauda, suka haɗa kai a 1974, duk ƙarshen damina sai a kara. Ana gudu, ana langa, amma ƙwallo ce uwar tafiya. A bayan akori-kura ake kwaso 'yan wasa, suna zaune kan bencin aji. Kofin gasar na tagulla ne, kunnensa ɗaya, don ɗayan ya karye ranar da ya faɗo daga mota, kuma duk wanda ya ci sai an cika masa shi da kunun zaki kowa ya kurɓa. 'Yan Zadawa da zakara suke zuwa a cikin kwando, wai in ya yi cara kafin a take wasa ba a cin su. An sha cin su duk da haka.

Abin da ya fi damun Saleh a lokacin shi ne gara. Turakun raga na itace ne, kowace shekara sai ta cinye gindinsu. To shi mutum ne mai son gwaje-gwaje. Ya tuna yadda kakarsa take tsare rumbu, ya ƙara da nasa tunanin. Ya samo ƙahon sa a mahauta, ya cusa masa toka da gishiri da ganyen darbejiya, ya toshe bakin da wani jan ƙyalle da ya yago daga tsohuwar rigar ƙwallo a sito, ya binne a gindin turken gabas. Bai gaya wa kowa ba, yana jira ya ga ko zai yi aiki ya ba mutane mamaki.

A wasan ƙarshe na 1988, Tudun Kanya ta kara da Kwalejin Rijiyar Dutse ta wajen Yana. Bayan hutun rabin lokaci, sau uku baƙin suna buga ƙwallo tana dukan turken gabas tana dawowa. Har fenaretin da suka samu, turken nan ya tare. Ana busa tashi, Tudun Kanya ta yi nasara, ɗaliban Rijiyar Dutse suka yi ca a kan ragar, suka tona gindin turken da hannuwa, sai ga ƙaho da jan ƙyalle.

Aka jefi juna da duwatsu, aka fasa gilashin mota. Da ƙura ta lafa, shugabannin makarantun suka zauna, aka tara ma'aikata a tsakar rana. Aka ce ƙyallen na rigar wasa ne, mabuɗin sito kuwa a hannun malamin wasanni yake, Malam Ɗanboyi, mutumin kudancin Bauchi, wanda kowa ke kira Gems, wato wasanni da Turanci. Shugaba ya ɗaga ƙahon ya ce wa ya san wannan? Saleh yana tsaye a layin baya, bokitin toka a hannunsa. Ya ga idanun mutane, ya ga jini a goshin wani ɗalibi, ya tuna ranar da ya ari mabuɗin. Bakinsa ya buɗe ya rufe. Kafin wata ya ƙare an ɗauke Malam Ɗanboyi daga makarantar da sunan mai asiri, kwalejoji huɗu suka janye, Gasar Bakwai ba ta sake zama ba.

Kofin ma da aka tashi makarantar zuwa sabon wuri ba wanda ya neme shi. Yana bayan ɗakin Saleh, wata zabuwa tana ƙwai a ciki.

Ran nan da hantsi yana zaune a ƙofar gida yana kallon tururuwa suna jan fiffiken fara, sai a-daidaita-sahu ya tsaya. Wata mata da farar rigar asibiti ta fito, ta riƙo hannun wani dogon tsoho mai auduga a manne a ido ɗaya.

"Sannu Baba. Nan ne gidan Malam Saleh Mai Toka? Sunana Salomi. Babana ne na kawo aka yi masa aikin ido, ya ce ba zai koma gida ba sai ya ga filinsa, ya ga mai zana masa layi."

"Sale!" in ji tsohon. "Har yanzu layinka a karkace yake kamar tafiyar maciji?"

"Gems," Saleh ya ce. "Ƙasar ce a karkace, ba ni ba."

Malam Ɗanboyi ya yi dariya har Salomi ta ce ya yi a hankali da ɗinkin. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa. Tsohon ya shiga lissafo 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, wanda ya zama soja, wanda ya zama liman, golan Katagum mai atishawa kafin kowane bugu. Salomi tana ɗaukar muryarsu a waya, ta ce tsofaffin ɗalibai ne ke son a rubuta tarihin gasar kafin masu saninta su ƙare. Saleh ya je ya kori zabuwa, ya kwashe ƙwai, ya kawo kofin. Malam Ɗanboyi ya shafa gurbin kunnen da ya karye.

"Gobe da safe za mu wuce," in ji Salomi. "Baba Saleh, kai ma me ka tuna game da ranar ƙahon?"

Saleh ya dubi wayar, ya dubi audugar da ke idon mutumin. Gobe da safe.

"Gems, ni na binne shi."

Malam Ɗanboyi ya ɗago kai, Saleh ya ci gaba.

"Maganin gara ne. Toka ce da gishiri da darbejiya, wallahi ba komai a ciki. Ni na ari mabuɗinka na yago ƙyallen. Da aka tambaya ina wurin, ina ji, na yi shiru."

Saleh ya yi zaton zagi, ya ma fi son zagin. Amma Malam Ɗanboyi sai ya ajiye kofin a hankali.

"Ba Abdulrashid ba ne?"

"Wane Abdulrashid?"

"Golana. Ɗan Dagauda. Shi ke kwashe riguna bayan wasa, na ɗauka shi ne. Sau biyar yaron nan yana rubuto mini wasiƙa, Sale. Yana cewa Malam ka yi mini shiru, me na yi? Ban amsa ko ɗaya ba. Ya zo har gidana, na sa aka ce ba na nan. Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa."

Duk tsawon shekarun nan Saleh ya ɗauka mutum ɗaya kawai ya cuta. Salomi ta kai hannu za ta kashe wayar, ubanta ya ce ta bar ta.

"Ka yafe mini, Gems."

"Nawa mai sauƙi ne, bar shi tukuna." Ya juyo da lafiyayyen idonsa. "Garar ta ci turken?"

"Ba ta ci ba. Yana nan a tsaye, an ce mini."

"An ce maka?"

"Ban ƙara bi ta wurin ba."

Malam Ɗanboyi ya dafa kafaɗar 'yarsa ya miƙe. "Salomi, an fasa tafiyar gobe. Dagauda za mu. Abdulrashid ya bar mata, ya bar 'ya'ya, ƙila ya gaya musu malaminsa ya tsane shi ba dalili. Kai za ka faɗi naka da bakinka, ni in faɗi nawa." Ya nuna kofin da ƙafa. "Ɗauko wannan, nasu ne, shi ya tsare raga ranar. Amma ka wanke shi, warin zabuwa yake."

Saleh ya ɗauki kofin ta kunnensa ɗaya. Da suka shiga a-daidaita-sahu direban ya tambaya ina aka nufa, tsofaffin biyu suka dubi juna.

"Hanyar Katagum," in ji Saleh. "Wajen gonar gyaɗa. Ka bi ta gaba, kada ka zagaya."