Wayar da Muka Ɗaure a Gora

Ni dai tunda nake ban taɓa tsanar wani abu kamar ɗan zoben nan da ke juyawa a tsakiyar waya ba. Ranar Lahadin nan kuwa, da yana da wuya da na shaƙe shi.

Ƙanwata Khairiyya ce ta kai zagayen ƙarshe a musabaƙar karatun Alƙur'ani, izu sittin, a can cikin birni. Masu shirya gasar suna haska ta kai tsaye a wata manhajar kallo. Mu kuma muna ƙauyenmu, gabas da Zakirai, kwana arba'in da uku da rasuwar mahaifinmu, Malam Sha'aban, wanda shi ya ɗora ta a kan allo har ta haddace. Inna tana takaba. Ko zaure ba ta leƙawa, balle birni.

"Ramlat, ni dai in ji ta a lokacin da take yi," in ji Inna tun da safe.

"Inna, da an gama zan samo miki, ki kalla a tsanake."

"Addu'ar da aka yi bayan an tashi, me za ta gyara? Malam ya ce ko ba ya nan in zauna mata lokacin da take karatun."

Shi ke nan, na ce mata zan yi iya ƙoƙarina.

Matsalar ita ce gidanmu a kwari yake, kuma damina ta yi nisa, dawa ta fi mutum tsayi ta kewaye mu ta ko'ina. Sabis mai ƙarfi sai a kan tudu, bakin gonar gyaɗa. Khairiyya ta bugo ta ce ita ce ta bakwai, bayan azahar za a fara.

Na ɗauko babbar wayar Malam, wadda ɗalibansa suka saya masa, na buɗe manhajar. Wai sai na sabunta ta. Yau ɗin nan! Na zari mayafi na ruga tudu, na tsaya a rana ina kallon layin sabuntawar yana jan ciki kamar hawainiya. Da ya cika na ga dandamalin tar, ga alƙalai uku a zaune, ga 'yar takara ta biyu tana karatu. Na dawo da gudu ina murna. Ina taka tsakar gida hoton ya tsaya, zoben ya hau juyi.

Na danna alamar jirgin sama, na ƙirga goma, na cire. Zobe. Na rufe duk sauran manhajojin, na share tarkacen da wannan ta tara, na kashe wayar gaba ɗaya na kunna. Ta kawo murya ta daƙiƙa uku, na ji an kira ta huɗu, sai zobe.

"Inna," na ce a hankali, "taku ɗari biyu ne zuwa tudu. Ki lulluɓa mu je. Ai lalura ce."

Ta ɗago ta dube ni, carbinta bai tsaya ba. "Ina cikin kwanakin ubanki, Ramlat. Kallo ba lalura ba ne."

Kunya ta kama ni, sai na huce a kan wayar. Ina cikin zazzaga mata masifa na ji murya ta bayan katanga.

"Ke Ramlatu, da wa kike faɗa haka?"

Baffa Nababa ne, ƙanen Malam, ya dawo daga gona. Tunda Inna ta shiga takaba bai ƙara wuce zaure ba, ta katanga ake gaisawa.

"Da waya, Baffa. Sabis ya ƙi saukowa."

"To in ya ƙi saukowa ba sai a hau a same shi ba?"

Ba'a yake min, na sani. Amma idona ya faɗa kan doguwar gorar da yake kaɗo ɗorawa da ita da bazara, tana jingine a jikin rumbunsa. Na fita da sauri. Na cire layin daga wayar Malam na mayar cikin ƙaramar wayata, na kunna abin da ke raba data ga wata wayar, na haɗa su. Na saka tawa a leda, na ɗaure ta tamau a kan gorar da tsumma.

"Baffa, ɗaga za ka yi, ka tsaya nan jikin katanga. Don Allah kada ka motsa."

"Dattijo da ni, in riƙe sanda ina nuna wa sama waya? Mutanen gari su ce na zautu?"

"Khairiyya ce za ta yi karatu, Inna ke son ji."

Ya ajiye fartanya, ya tofa yawu a tafin hannu, ya ɗaga.

Na koma gefen Inna a kan tabarma. Hoton ya zo, ya tsaya, ya zo. "Matsa gabas kaɗan, Baffa! Ya yi yawa! Dawo! Tsaya nan!" Ta shida ce ke karatu, muryarta na yankewa. Na shiga saitin na rage kyan hoton zuwa mafi ƙanƙanta. Fuskoki suka dagule kamar an shafa musu koko, amma muryar ta miƙe.

"Inna, ba za ki gane fuskarta ba fa."

"Na san fuskarta. Kunne nake so."

A lokacin na lura rana ta ɓuya. Hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa dawa. Na ɗaga kai na ga gorar tana rangaji a saman katanga, ledar tana kaɗawa.

Aka kira sunanta. Khairiyya Sha'aban. Wani farin abu ya hau kujera, na san hijabinta ne. Alƙali ya ja mata farkon aya, ta karɓa. Muryarta ta cika tsakar gidanmu, ba sauri ba rawa, tana tsayawa a inda Malam yake tsayawa. Inna ta rufe ido. Tambaya ta farko ta wuce lafiya, ta biyu ma haka, ba a kaɗa mata ƙararrawar kuskure ko sau ɗaya ba.

Tana tsakiyar ta uku ta yi shiru.

Na ƙura wa wayar ido. Ga ta nan zaune, kanta a sunkuye. Babu zobe. Da ma zoben ya fito, da na san laifin sabis ne. Amma babu komai, sai ita da shirun. Mai karatu ba ya motsi, kyamarar ma ba ta motsi, to ta yaya zan gane ko hoton ne ya daskare ko ita ce ayar ta kuɓuce mata? Na san in shirun ya yi tsawo ƙararrawa za ta biyo baya. Yarinyar nan kwana arba'in tana kuka, ba ta yi tilawar kirki ba. Tsoro ya kama ni sosai.

"Innalillahi. Inna, ta kakare."

Na kai yatsa zan sake loda shi. Inna ta cafke wuyan hannuna.

"Kada ki taɓa."

Sai ta buɗe baki ta ɗauka daga inda Khairiyya ta tsaya.

Na saki baki ina kallonta. A iya sanina Inna ba ta wuce ƙananan surorin salla ba. Ban taɓa ganin ta da allo ba. Shekara talatin tana daka da girki a bayan bangon zauren da Malam ke karantarwa, ashe kunnenta na can. Muryarta ƙasa-ƙasa take, tana ɗan rawa, amma aya na bin aya, da jan Malam da tsayawarsa. Yayyafi ya fara sauka a kan tabarmar. Ta bayan katanga na ji Baffa yana nishi, yana cewa, "Ina riƙe, ina riƙe!" Inna ba ta buɗe ido ba. Ta yi aya biyar, ta yi shida. Ni kuwa hawaye kawai nake, ina kare wayar da mayafina.

Wayar ta yi ƙara, hoton ya yi tsalle ya kamo inda ake. Muryar Khairiyya ta faɗo a kan ta Inna, kalma a kan kalma, a tsakiyar aya ɗaya. Ko numfashi tare suka ja. Haka suka tafi su biyu har alƙali ya ce ya isa.

Inna ta shafa addu'a, ta saki hannuna. Sai lokacin na ji zafin riƙon.

"Ba ta tsaya ba," ta ce. "Wayarki ce ta tsaya."

"Inna, yaushe kika..."

"Je ki ce wa baffanki ya sauke gorar, ruwa na dukansa."

"Ba za mu jira sakamako ba?"

Ta naɗe carbinta, ta miƙe tana tattara tabarma. "Ni zama aka ce in yi mata. Na zauna."