Fararen Shamuwa a Fadamar Lajawa

Sumayya na cikin wanki a ɗakin kwanan ɗalibai na jami'a a Wudil sai ga kiran Gwaggo Ladi, ƙanwar mahaifinta mai noman shinkafa a Lajawa. Ko gaisuwar kirki Gwaggo ba ta tsaya yi ba.

"Ke Sumayya, ba ke ce mai karatun tsuntsaye ba? Maza ki zo! Shamuwa sun cika mana fadama, kuma da wasu farare dogaye a cikinsu, bakinsu ja wur."

Sumayya ta miƙe zumbur. A aji an koya musu cewa da kaka fararen shamuwa kan taso daga Turai su ƙetaro Sahara, amma a hoto kawai ta san su. Ta bar kaya a bokiti, ta zura hijabi, ta suri madubin hangen nesa da ta aro a sashensu, ta tari ɗan acaɓa.

A gindin tsamiya ta tarar da Gwaggo, lauje a hannu. Suka bi gefen gona a sunkuye, suna raɗa. Ga baƙaƙen shamuwa nan birjik inda aka yanke shinkafa, suna tsintar fara. Damina ta wuce, shirin komawa kudu suke yi. A tsakiyarsu kuwa ga fararen baƙin, sun fi kowa tsayi, suna taku a hankali.

"Su ne, Gwaggo! Wallahi su ne!"

"To ba ni abin nan ni ma in gani."

Gwaggo ta kafa madubin a juye. "Af, ai sai ma suka ƙara nisa." Sumayya ta gyara mata riƙon. Da Gwaggo ta hango su sai ta manta da raɗa, ta ƙwala salati.

"Har ƙwayar idonta nake gani!"

Fadama ta ɗauki ƙarar fukafukai. Garken duka ya tashi, fari da baƙi a cakuɗe, suna kewayawa suna ƙara yin sama. Sumayya ta ruga don ta ɗauki hoto, taɓo ya riƙe mata takalmi, ta ci gaba da ƙafa ɗaya ba takalmi, tana dariya.

"Na kore miki su, 'yar nan," in ji Gwaggo, ta dafe baki.

"Haba Gwaggo, da ba ki yi ba ina zan ga wannan?"

Suna tsaye baƙaƙen suka miƙa kudu har suka ɓace. Fararen kuwa suka sauko sannu a hankali, suka dira can ƙarshen fadama, gab da inda masu yi wa Gwaggo yankan shinkafa za su fara aiki. Gwaggo ta ɗaga lauje ta yafito su.

"Ku dawo ta nan! Yau ba mai yanka a wancan gefen."

Ta sake kafa madubin a ido, Sumayya na gefe tana roƙon a ba ta ita ma ta duba.