Tabarmin Tungar Maɗaci

Kububuwa ta sari Baffa Na'iya ranar Talata da hantsi, yana cirar ciyawa a gonar dawa. Kafin safiyar Laraba jini ya fara fita ta dasashinsa. A Tungar Maɗaci, can bayan Kebbe, kowa ya san ma'anar wannan, kuma kowa ya san ruwan Agusta ya cinye hanyar da ke fitar da mutum zuwa Tambuwal. An gwada rubutu, an gwada sassaƙe, an gwada baƙin dutse. Da duk suka ƙare, sai aka tuna gari yana da ɗa mai tuƙa jirgi.

Dawuda ya hau tudun da waya ke kamawa, ya kira ƙanensa Siddiƙ a Sakkwato.

Siddiƙ yana tuƙa jirgi mai saukar ungulu da wata ƙungiyar agaji ta yi haya, ana kai magani garuruwan da ambaliya ta yanke. Baffa Na'iya ne ya riƙe su bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya goya Siddiƙ a keke ya kai shi makarantar kwana a Tambuwal. Likitan ƙungiyar bai ja magana ba. Ya ba da allurar dafin maciji cikin kular ƙanƙara, ya haɗa Siddiƙ da ma'aikaciyar jinya, Sista Hamdiya.

"Yaya, saurara da kyau," in ji Siddiƙ a waya. "Filin ƙwallon makaranta za mu sauka. A kwashe komai, leda, kwano, tsumma, akuya. Kowa shi koma bayan ajujuwa. Iskar jirgin nan tana ɗaukar tabarma kamar ganye, in ta shiga farfela mun mutu, ku ma kun mutu."

"Na ji."

"Maimaita mani."

"Kai Siddiƙu, ni za ka yi ma karatun allo? Na ce maka na ji."

A cikin jirgi duk umarnin da aka ba mutum sai ya maimaita shi da bakinsa, ko da shi ne babba. Shekara goma sha shida Siddiƙ yana rayuwa a kan wannan. Amma ba a sa yaya ya maimaita magana, don haka ya ce to, ya kashe wayar.

Mataimakiyarsa Zulaihat, 'yar Zariya, ta tare shi kafin su tada inji.

"Kyaftin, mara lafiyan nan ubanka ne. Ni zan riƙa faɗin man da ya rage. In na ce a fasa sauka, an fasa."

"Haka ne," ya ce. Shi ya koya mata ƙa'idar, lokacin da bai zaci za ta taɓa cin shi ba.

Sun lissafa tare: mai zai kai su, ya bar musu minti goma sha biyar a kan garin, sannan dole su juya. Hadari kuma yana haɗuwa a gabas.

Suka wuce ta kan Tambuwal, suka karkata kudu. Ƙasa duk kore ce da ruwa, gonaki sun zama tafkuna, kan dawa kawai ke leƙowa. Siddiƙ ya gane garinsu tun daga nesa da kukar bakin makaranta. Da suka matso sai ya ga filin.

Rumfuna biyu na haya a tsakiya. Tabarmin masallacin Juma'a a shimfiɗe layi-layi, kujerun roba, tebur da farin ƙyalle a kansa. Mata da kwanonin abinci a gefe, 'yan makaranta a jere da tufafinsu. Garin kaf ya fito.

"Inna lillahi," in ji Zulaihat a hankali.

Siddiƙ ya kewaya filin, ya buɗe 'yar taga ya yi musu hannu su ja baya. Suka ɗaga nasu hannuwan, ɗaruruwa, suna amsa gaisuwa. Ya sake kewayawa yana neman wani wuri. Inda ba ruwa akwai dawa da ta fi mutum tsawo, ƙarƙashinta laka, inda ba dawa akwai itatuwa. Wuri ɗaya ne busasshe kuma babu kowa, maƙabarta, ita ma cike da tudun kaburbura.

"Saura minti goma sha ɗaya," in ji Zulaihat.

"Zan gwada ƙarshen filin, wajen ragar yamma."

Ta sake duban ma'aunin mai. "Gwaji ɗaya."

Ya sauko a hankali. Suna kaiwa tsayin kukar, tabarmin suka tashi gaba ɗaya. Rumfa guda ta kife, ƙarfenta ya daki ƙasa kusa da yara. Wata tabarma ta yi sama ta wuce gaban gilashi, kusa har ya ga saƙarta. Mutane kuwa suka ruga cikin filin, kowa yana bin tabarma, don na masallaci ne, ba a barinsu cikin taɓo.

"A fasa," in ji Zulaihat.

Hannunsa bai motsa ba. A gindin kukar ya hango gadon ƙarfe, da mutum kwance cikin farar riga, an sa masa hula.

"Kyaftin, a fasa. In ba ka ja sama ba zan karɓi tuƙin."

Ya ja. Jirgin ya tashi, tabarmin suka zube a hankali kan rufin ajujuwa.

"Ko a jefa musu kular?" Zulaihat ta tambayi Sista Hamdiya.

"Kwalabe ne. Kuma ta jijiya ake sa ta, sannu a hankali. Wa zai yi masa?"

Siddiƙ ya kewaya sau ɗaya, ko sun fahimta. Sun fahimci wani abu dai: suna sake shimfiɗa tabarmin, wannan karon suna danne kowace kusurwa da dutse.

"Saura minti huɗu."

Ya juya hancin jirgin arewa. 

A Tambuwal suka sauka, a wani fili da suka saba, ruwa ya tsinke suna kashe inji. Zulaihat ta zauna da jirgin. Siddiƙ ya rungumi kular, shi da Sista Hamdiya suka hau kabu-kabu biyu zuwa inda hanya ta yanke, suka shiga kwalekwale, suka sake samun babura daga Kebbe, sauran kuma da ƙafa cikin laka. Tafiyar da ya yi a sama cikin minti goma ta ci musu awa biyar.

A bakin gari suka gamu da maza suna dawowa daga maƙabarta, da ƙasa a gwiwoyinsu. Aka yi masa gaisuwa yadda ake yi wa baƙo, a gajarce, ana wucewa. Dawuda kaɗai ya tsaya.

"Bayan azahar Allah ya karɓi abinai."

"Yaya, mi na ce maka a waya?"

"Na faɗa musu, yadda ka faɗa. Baffa da kanai ya hana. Cewa ya yi, ɗana zai zo garinsu da jirgi karon farko, shi sauka bisa ƙasa tsirara kamar ɓarawon shanu? A shimfiɗa. Jini na fita bakinai yana faɗi. Kai za ka musa mai?"

Siddiƙ ya ajiye kular a ƙasa. Ƙanƙarar ciki ta daɗe da narkewa.

"Mun gan ka," in ji Dawuda. "Shi ma ya gan ka. Ka zo bisa kanmu, ka duba, ka juya."

"Da na sauka, da gawa ashirin kunka wanke yau."

"Wataƙila. Guda munka wanke dai, kuma tamu ce."

Suka shiga gida. Inna Sauda, matar Baffa, tana ɗaki cikin mata. Siddiƙ ya durƙusa a bakin ƙofa ya yi mata ta'aziyya. Ta amsa ta bayan labule, ta tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, ta sa aka kawo wa Sista ruwa da tuwo daga abincin da aka dafa don tarbarsu.

Yana shirin tashi ta kira shi.

"Siddiƙu, har yanzu kuna kai magani wajen Fakku?"

"Jibi ma za mu, Inna."

"To in za ku, kada ka biyo ta saman garin ga. Ba ni son jin ƙarar."

Ta saman garin ce hanya mafi kusa. Kewayewa zai ci masa minti shida na mai, kuma sai ya yi wa Zulaihat bayani.

"To, Inna," ya ce. "Ba zan biyo ta saman gari ba."